Daga Takardar Sanarwa Zuwa Fodkas: Tarihin Yadda Kamfanonin Amurka Ke Magana da Jama'a

Manufar wannan takarda ita ce a bi tarihin hanyoyin da manyan kamfanonin ciniki na Amurka suka bi suna magana da jama'a, tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa zamanin da bulog da fodkas suka bayyana. An zaɓi Amurka ne domin a can sana'ar hulɗa da jama'a ta tsiro, kuma a can aka fara waɗannan sababbin hanyoyi biyu. Ga mai nazarin harshe, abin lura cikin tarihin nan tambaya ce guda, watau wane ne ke magana, kuma wa ya biya shi? Za mu ga amsar tana sakewa zamani bayan zamani, amma tambayar tana nan inda take.

Ya kamata a fara bayyana kalmomin nan biyu. Bulog shafi ne a intanet inda mutum ke rubuta abin da ya ga dama a kai a kai, sabon rubutu a sama, tsoho a ƙasa, masu karatu kuma suna iya mayar masa da amsa. Fodkas kuwa shiri ne na murya kamar na rediyo, sai dai ajiye shi ake yi a intanet, mai so ya sauke a wayarsa ya saurara sa'ad da ya sami sukuni.

1. Zamanin shiru da zamanin takarda

A ƙarshen ƙarni na 19 attajiran Amurka masu jiragen ƙasa da man fetur da ƙarfe ba su ga dalilin yi wa talakawa bayani ba. A cikin shekarar 1882 aka ruwaito cewa William Vanderbilt, mai kamfanin jirgin ƙasa na New York Central, ya gaya wa wani ɗan jarida magana mai ma'anar cewa jama'a su je su yi ta kansu, babu ruwansa. Ko da yake an yi gardama kan yadda maganar ta fito, ta bi shi har kabari. Shirun nan bai daɗe yana amfani ba, gama 'yan jarida masu tone-tone sun taso. Daga 1902 zuwa 1904 Ida Tarbell ta yi ta buga tarihin kamfanin mai na Standard Oil a mujallar McClure's, tana bayyana dabarun da ya bi ya karya abokan takararsa. A 1911 Kotun Ƙoli ta ba da umurni a rarraba kamfanin.

Cikin wannan hali ne wani tsohon ɗan jarida, Ivy Lee, ya ga kasuwa ta buɗe. A 1906 ya aika wa editoci takardar ƙa'idojinsa, inda ya yi alkawarin cewa aikinsa a fili yake, kuma zai riƙa ba su labari na gaskiya a kan kamfanonin da yake yi wa aiki. A watan Oktoba na shekarar nan wani jirgin ƙasa ya faɗo daga gada ya nutse kusa da Atlantic City, fiye da mutum 50 suka mutu. Al'adar kamfanonin jirgi a lokacin ita ce su rufe bakin kowa. Lee ya shawo kan kamfanin Pennsylvania Railroad ya fitar da bayani a rubuce, ya kuma kai 'yan jarida wurin su gani da idonsu. Wannan bayani shi ake ɗauka a matsayin takardar sanarwa ta farko irin ta zamani.

Amma alkawarin Lee bai tsira daga mai biyansa ba. A 1914, bayan kisan da aka yi wa masu yajin aikin haƙar kwal da iyalansu a Ludlow, cikin jihar Kolorado, iyalin Rockefeller suka ɗauke shi aiki, kuma daga baya aka gano wasu takardun da ya rarraba suna ɗauke da ƙarya a kan shugabannin ma'aikatan. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Edward Bernays ya ƙara wani mataki. Shi ɗan 'yar'uwar Sigmund Freud ne, ya kuma rubuta littattafai a kan sana'ar, cikinsu har da ɗaya a 1923, ɗaya a 1928. Dabararsa ita ce kada kamfani ya yi magana da bakinsa, a sa wani wanda jama'a suka yarda da shi ya faɗa. A 1929 ya shirya wasu 'yan mata suka kunna taba a bainar jama'a cikin jerin gwanon Ista a birnin Niyok, da sunan neman 'yancin mata. Jaridu suka buga labarin, ba tare da an gaya musu cewa kamfanin American Tobacco ne ya shirya abin ba.

Akwai abin da za a lura da shi game da harshen takardar sanarwa. Hausa tana da wakilin suna wanda ba ya nuna kowa, kamar a cikin "an yi", "aka ce", "za a duba". Ingilishi yakan biya wannan bukata da wani ginin jimla mai ɓoye mai aikatawa, kuma da shi takardar sanarwa ta fi jin daɗin magana. In an yi ɓarna, sai a ce an sami kuskure, ana kuma bincike. Mai karatu ba zai sami mutum guda da zai riƙe ba. Har wa yau, takardar ba ta isa ga jama'a sai ta bi ta hannun edita, wanda yana iya bugawa, yana iya gyarawa, yana iya jefawa kwandon shara. Ke nan kamfani yana da kariya ta harshe, jama'a kuma suna da kariya ta edita.

2. Zamanin rediyo

A watan Agusta na 1922 gidan rediyon WEAF na Niyok ya sayar wa wani kamfanin gidaje, Queensboro Corporation, wajen minti 10 ya yi bayanin gidajen da yake sayarwa. Ba a daɗe ba kamfanoni suka gane cewa ya fi riba su mallaki shiri sukutum. Procter & Gamble ya ɗauki nauyin wasan kwaikwayon Ma Perkins daga 1933 don tallar garin sabulunsa na Oxydol, kuma daga irin wannan ne Amurkawa suka laƙaba wa wasannin nan na yau da kullum sunan wasannin sabulu. Kamfanin DuPont, wanda wani kwamitin Majalisar Dattawa ya bincika daga 1934 kan ribar da ya ci da albarushi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya soma shirin Cavalcade of America a 1935, yana ba da labaran jaruman tarihin Amurka. Abin da yake nema a nan shi ne wanke sunansa. General Electric kuma ya yi nasa shirin wasanni a telebijin daga 1953 zuwa 1962, Ronald Reagan ne mai gabatarwa tun 1954.

Rediyo ya kawo abin da takarda ba ta da shi, watau murya. Mai sauraro yakan saba da muryar mai shiri har ya ɗauke shi kamar ɗan gida, in kuwa wannan murya ta yabi sabulu, yabon yakan shiga inda tallar jarida ba ta shiga. Hukuma ta hango haɗarin tun da wuri. Dokar rediyo ta 1927 ta wajabta a riƙa faɗin wanda ya biya kuɗin abin da aka watsa, dokar sadarwa ta 1934 ta maimaita. Duk da haka a 1958 da 1959 asiri ya tonu cewa ana ba wasu masu gasar kacici-kacici ta telebijin amsoshi tun kafin shiri, don a riƙe masu kallo, mai talla ya ji daɗi. A 1960 Majalisa ta ƙara tsananta dokar.

3. Zamanin bulog

Kalmar da bulog ya samo asali daga gare ta Jorn Barger ne ya ƙirƙira a watan Disamba na 1997, Peter Merholz kuma ya gutsure ta a 1999 ta koma yadda take yanzu. A wannan shekara ta 1999 kamfanin Pyra Labs ya fitar da Blogger, wanda ya sa ko wanda bai san ilmin kwamfuta ba yana iya buɗe shafinsa kyauta. Google ya saye shi a 2003, shekarar da WordPress ya fito. A 1999 ɗin kuma wasu mutum 4, Rick Levine da Christopher Locke da Doc Searls da David Weinberger, suka fitar da wata takarda mai batutuwa 95 da ake kira Cluetrain Manifesto. Gundarin hujjarsu shi ne kasuwa wurin hira ce tun asali, masu saye sun sami hanyar hira da junansu, kamfanin da ya ci gaba da magana da harshen takardar sanarwa kuwa za a daina jinsa.

Abubuwa biyu suka gaskata su. A watan Satumba na 2004 aka nuna a intanet cewa ana iya buɗe wani kwadon keke mai tsada na kamfanin Kryptonite da bututun alƙalamin biro. Masu bulog suka yi ta yaɗa hoton, jaridu suka bi bayansu. Amsar farko da kamfanin ya bayar ba ta gamsar da kowa ba, kuma cikin kwanaki kaɗan dole ya yi shelar zai musanya kwadunan kyauta. A watan Yuni na 2005 kuma wani ɗan jarida, Jeff Jarvis, ya soma rubuta wahalar da ya sha da kwamfutarsa ta Dell da masu gyaranta. Mutane da yawa masu irin kukansa suka taru a shafinsa. Dell ya yi shiru da farko, sa'an nan a watan Yuli na 2006 ya buɗe nasa bulog, a Fabrairu na 2007 kuma ya buɗe IdeaStorm, inda masu saye ke kawo shawara.

Abin da ya sake a nan shi ne matsayin edita. A da mai kuka sai ya rubuta wa jarida ya jira, yanzu kuwa shi ne mai jaridar kansa, kuma injin bincike na Google yana ajiye kukansa kusa da sunan kamfanin, duk mai neman saye ya gani.

Kamfanoni suka ga ba makawa su shiga hirar. Robert Scoble, wanda ya yi aiki a Microsoft daga 2003 zuwa 2006, ya shahara domin yakan soki kamfaninsa a shafinsa, ya kuma yabi kayan abokan takara in sun fi. Jonathan Schwartz na Sun Microsystems ya soma rubutu a 2004, ya ci gaba bayan ya zama shugaban kamfanin a 2006. A Janairu na 2005 General Motors ya buɗe FastLane, inda mataimakin shugabansa Bob Lutz ke amsa sukar masu motoci. Ta fuskar harshe, "an yi" ya koma "na yi". Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama wanda ya ce "na yi alkawari" ya ba da sunansa jingina, ana iya dawowa a tambaye shi.

To, amma da aka gane cewa muryar mutum guda ta fi ta kamfani shiga rai, sai aka soma ƙera ta. A 2006 wani shafi ya bayyana na wani mutum da abokiyar zamansa masu yawo cikin Amurka da motar kwana, suna yada zango a filin kantunan Wal-Mart, suna ba da labarin ma'aikatan da suka tarar cikin jin daɗi. A watan Oktoba mujallar BusinessWeek ta bayyana cewa wata ƙungiya ce da kamfanin hulɗa da jama'a na Edelman ya kafa wa Wal-Mart ke biyan kuɗin tafiyar. Richard Edelman ya fito ya amsa laifi. A Disamba na shekarar kuma aka kama wani shafi na ƙarya da aka yi wa Sony don tallar na'urar wasansa. Dabarar Bernays ce ta 1929 ta dawo cikin sabuwar riga, sai dai a wannan karo ramin ƙarya ya ƙure cikin makonni, domin masu tono sun yi yawa. A 2009 hukumar kula da ciniki ta tarayya, wadda ake kira FTC, ta gyara ƙa'idojinta, ta ce duk mai bulog da aka ba kuɗi ko kyauta don ya yabi kaya lalle ya faɗa. Ta sake sabunta su a 2023.

4. Zamanin fodkas

Asalin fodkas yana ga wata ƙaramar dabara. Wajen ƙarshen shekarar 2000 Dave Winer ya gyara tsarin RSS, wanda ke sanar da mai karatu in an yi sabon rubutu, yadda zai iya ɗauko murya ma. A 2003 ɗan jarida Christopher Lydon ya yi amfani da shi ya watsa hirarrakinsa, a 2004 kuma Adam Curry ya soma shirinsa na Daily Source Code. Sunan kansa ya fara fitowa a jaridar Guardian ta Ingila a watan Fabrairu na 2004, cikin rubutun Ben Hammersley, wanda ya haɗa sunan na'urar iPod da kalmar Ingilishi ta watsa shiri. A Yuni na 2005 Apple ya sa fodkas cikin iTunes.

Duk da haka abin bai bunƙasa ba sai da wayar hannu mai intanet ta game gari. A Oktoba na 2014 Sarah Koenig ta soma Serial, mai bin diddigin wata shari'ar kisa ta garin Baltimo, miliyoyin mutane suka saurara. Kamfanin Mailchimp, wanda ya ɗauki nauyin zangon farko, ya yi suna da 'yar gajerar tallarsa ta farkon kowane kashi. A 2015 General Electric ya fitar da The Message, wasan kwaikwayo mai kashi 8, ya kai na ɗaya a jerin iTunes, aka kuma sa wa sashen da ya yi shi suna mai tuna shirin telebijin na zamanin Reagan. Kamfanin ya san tsohuwar hanya ce ya komo. A 2019 Spotify ya sayi Gimlet da Anchor, a 2021 kuma kuɗin tallar fodkas a Amurka ya haura dala biliyan 1.

Tallar da ta fi daraja a fodkas ita ce wadda mai shirin ke karantawa da bakinsa, da salon hirarsa, yana cewa shi ma yana amfani da kayan. Ƙarfinta shi ne haɗarinta, domin iyakar da ke tsakanin hira da talla takan dushe. Gimlet ya riƙa sa wani kiɗa na musamman a ƙarƙashin talla don mai sauraro ya bambance. Amma a 2014 shi kansa ya sa muryar wani yaro cikin talla, alhali uwar yaron ta ɗauka hirar jarida ce, har Alex Blumberg, wanda ya kafa kamfanin, ya ware kashi guda na shirinsa StartUp ya bayyana yadda abin ya faru.

Shugabannin kamfanoni ma sun sami sabuwar ƙofa. Maimakon taron 'yan jarida, inda tambaya ke da kaifi lokaci kuma kaɗan, sai su zauna hira ta awa 2 ko 3 da mai shirin da suka zaɓa. Mark Zuckerberg ya yi haka a shirin Joe Rogan a 2022 da 2025. Amma magana zarar bunu ce. A Satumba na 2018 Elon Musk ya zuƙi tabar wiwi a wannan shiri, hoton ya zaga duniya, ya kuma haɗu da labarin murabus ɗin wasu manyan ma'aikatan Tesla, farashin hannun jarin kamfanin ya faɗi a ranar. Wanda ya sayi murya kuma yakan gaji rigimarta. Spotify ya ƙulla yarjejeniya da Rogan a 2020, a Janairu na 2022 kuwa mawaƙi Neil Young ya janye waƙoƙinsa daga Spotify saboda maganganun da aka yi a shirin game da rigakafin korona, dole kamfanin ya fito da ƙa'idojinsa fili.

5. Abin da tarihin ya nuna

In aka jera zamanan nan huɗu za a ga abu uku. Na farko, kowace sabuwar hanya tana matso da mai magana kusa da mai sauraro. Takarda ta ce "an yi", bulog ya ce "na yi", fodkas kuwa ya ƙara da abin da rubutu ba ya ɗauka, watau karin murya da dariya da jinkirin mai neman kalma, waɗanda kunne ke ɗauka alamun gaskiya ne. Na biyu, duk sa'ad da jama'a suka yarda da wata murya, mai kuɗi zai nemi ya saye ta, hukuma kuma ta biyo baya da dokar a bayyana mai biya, kamar yadda aka yi a 1927 da 1960 da 2009. Na uku, aikin tacewa da edita ke yi a da ya koma wuyan mai sauraro. Wannan ya ba mai saye ƙarfin da Jarvis ya nuna, ya kuma bar shi ba mai tsaron ƙofa.

Bahaushe ba baƙon yabo na biya ba ne. Maroƙi yana wasa mai gida a gaban taro, dillali yana kambama hajja a kasuwa, ba kuwa wanda ke kiran ɗayansu maƙaryaci, domin kowa ya san maroƙi kyauta yake jira, dillali kuma la'adarsa sananniya ce. Mai ji yakan rage abin da ya kamata ya rage. Abin da Bernays ya ƙirƙiro, wanda masu shafin Wal-Mart suka gada, shi ne dillali mai shigar abokin shawara. Laifin yana ga ɓoye la'adar.

Saboda haka akwai aiki a gaban malaman da ke horad da masu koyar da harshe. Darasin fahimtar karatu da muka saba ya tsaya ga tambayar me marubuci ya ce. Ɗaliban yanzu kuwa da kunne suke karɓar yawancin abin da ke zuwa musu ta waya, cikin murya mai daɗi wadda ke kiransu abokai. Ya kamata a riƙa kawo musu takardar sanarwa ta gaske su ƙirga inda aka ɓoye mai aikatawa, a kuma kunna musu shiri su nuna daidai jimlar da hira ta ƙare talla ta soma, sa'an nan su faɗi alamar da ta nuna musu. Ɗalibin da ya iya wannan ya sami abin da zai yi masa amfani ko da wace irin na'ura ta zo bayan fodkas.